Shekarar da Na Kira Ciwo Mugun Baƙo

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin tsofaffin unguwa suna cewa muryar babanku ce ta kori amai da gudawa daga ƙasar nan. Na sha jin kuna maimaita wa abokanku, ni kuwa in sunkuyar da kai in yi murmushi, ku ɗauka kawaici ne irin na manya. Ba kawaici ba ne, kunya ce. Yanzu da ido ya fara gajiya, hannu kuma yana rawa in na daɗe riƙe da alƙalami, gara in faɗa muku da kaina yadda abin ya kasance. Ba na tsoron wani ya ba ku labarin a karkace. Abin da nake tsoro shi ne a ci gaba da ba ku mai daɗin.

Gidanmu na Djougou, garin da mu a baki muke ce wa Zugu, gidan fatoma ne tun kakan kakana. Fatoma shi ne mai saukar da fatake: ya ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu mai saye, in rigima ta tashi ya tsaya musu. Ba mu da gonar a zo a gani, ba mu da shanu. Abin da muka gada suna ne. Falke zai taso da huhunan goro daga yamma, tun yana hanya an gaya masa, in ka isa Zugu ka nemi gidan wane, ba a taɓa jin abin kunya a can ba. Da wannan maganar muke ci, da ita muke aure, da ita ake yi mana ɗinkin salla. Shi ya sa a gidanmu an fi tsoron bakin mutane da gobara. Dokar gidan kuma guda ce: baƙo ya yi sallama, a ba shi ruwa da tabarma kafin a tambaye shi daga ina.

A cikin baƙinmu akwai wanda ya wuce baƙo. Baba Mahaman muke ce masa, mutumin wajen Dogondutsi, dogo siriri, haƙoransa jawur don goro. Tun kafin a haife ni yake sauka a gidanmu sau biyu a shekara, tafiya da dawowa, tun ana kora jakuna har aka koma hawa babbar mota. Mu 'yan Zugu Hausarmu a cakuɗe take da harshen Dendi, shi kuwa ba ya barin ta wuce. In na yi magana sai ya toshe kunne ɗaya ya ce, Idi, wa ya tsinka maka Hausar nan da ruwa haka? A bakinsa na koyi Hausar da na ci abinci da ita. Kuma mutum ne da ba ya faɗin abu a tsaye, sai ya nemo masa misali. In zai ce mai saye ya cika taya kaya ba ya saye, sai ya ce mutumin nan irin kazar da ke zagaya turmi ce. Na ɗauki wannan halin nasa na riƙe, ina ji da shi.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, na samu Faransanci, aka ɗauke ni tafinta a biron yaɗa labarai, wato ofishin gwamnati, na garin Parakou. Na auri mahaifiyarku, muka kama ɗaki biyu a unguwar Ganou. Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasa, su kuwa komai a wurinsu yaƙi ne. Takarda ta zo daga babban birni, yaƙi da jahilci. Wata ta zo, yaƙi da lalaci. Har sharar kasuwa sai da aka ce mana fagen fama ce. Aikina in juya takardun nan zuwa Hausa da Dendi, in shiga mota mai lasifika a kai, in zagaya ina karantawa. Akwai wani abokin aikina mai juyawa zuwa harshen Batonu. Direbanmu kuwa Biyo, mutumin kirki, sai dai cikinsa ba ya riƙe magana.

Da damina ta yi nisa a wannan shekarar sai ciwon ya shigo. Mutum yana lafiya da safe, kafin azahar ya tsiyaye kamar an huda tulu. Likitoci suka ce kwalara ce. Aka kafa rumfuna a bayan asibiti, aka jera gadaje masu rami a tsakiya, ana ɗaura wa mutane ƙarin ruwa. Wanda aka kawo da wuri yakan tashi cikin kwana biyu ko uku, na gani da idona. Gidan da aka ɗauko mara lafiya kuma sai a shafa wa ƙofarsa farar ƙasa, don masu feshin magani su gane shi. Iyakar amfanin farar ƙasar ke nan, alama ce ta ma'aikata.

Takarda ta iso, doguwa. Abokin gaba ya tsallako iyaka. Kowane ɗan ƙasa soja ne. Kowane gida sansani ne. Wanda ya yi sakaci ya ba abokin gaba hannu. Can ƙasa, a layi uku na ƙarshe, aka ce a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, a kawo mara lafiya asibiti nan take. Na juya ta yadda take, muka fita. A babbar kasuwar Parakou na yi ta ihu har maƙogwarona ya bushe, amma ko mai tallar ƙosai ba ta ɗago kai ba. Wani tsoho mai sayar da gishiri ya matso kusa da mota ya ce da ni:

"Malam tafinta, wannan yaƙin na nawa ke nan bana? Na sharar kasuwa an ci shi ne, ko an yi sulhu?"

Aka kwashe da dariya. Na koma biro raina a ɓace, ba don masu mutuwa ba, don an yi mini dariya. Ku lura da wannan, domin daga nan komai ya faro. Shugabanmu, wanda muke ce wa Mushe Direkta, wato malam darakta da Faransanci, mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. Ya tambaye ni me ya sa mutanena ba sa motsi. Na ce masa mutanena fatake ne, ba mayaƙa ba. In ka ce musu yaƙi, sai su ɗauka na masu bindiga ne, su ja kayansu gefe su jira a gama.

"To ka nemo abin da zai cije su," in ji shi. "Kai ka san su. Ni dai ina so in ga tsoro a idonsu."

Na san su kuwa. Na san inda ke yi wa ɗan gidan fatoma ciwo, tun da nawa ne. Na zauna na rubuta, kuma har yau ina iya kawo shi da ka, don ban taɓa yin rubutun da na ji daɗinsa kamar wannan ba. Na ce: Jama'a, ciwon nan mugun baƙo ne. Ba ya haura katanga, ta ƙofa yake shiga. Ba ya kwana a gidan da ba a yi masa shimfiɗa ba. Duk gidan da kuka ga ya sauka, ku tambayi mai gidan, wa ya ba shi masauki? Wanda ya sauke abokin gaban ƙasa, me sunansa?

Washegari da na karanta, kasuwa ta yi tsit. Mata suka sauke tallarsu. Tsohon nan mai gishiri ya kasa haɗa ido da ni. Kada ku ɗauka wani ya kasa gane abin da nake nufi. Kowa ya san ciwo nake faɗa, ba mutum ba. Amma na ɗauki ciwo, abin da Allah ke ɗora wa bawa a je a gaishe shi, na mayar da shi laifin mai gida. Layi ukun nan na ƙasa kuwa, na ruwa da sabulu da asibiti, a gurguje nake karanta su, lokacin Biyo ya riga ya tayar da mota. Mushe Direkta ya sa na juya masa maganata zuwa Faransanci, ya buga tebur don murna, ya aika da ita sama. Ba a yi mako ba muka ji ta a rediyo a bakin manya, an ƙara mata gishiri. Kaina ya kumbura har hulata ta so ta yi mini kaɗan. A Ganou ina tafe ana nuna ni.

An gargaɗe ni, ba zan ce ba a yi ba. Wata ma'aikaciyar jinya, Madam Salamatu, 'yar unguwarmu, ta tare ni a bakin rumfunan asibiti, hannunta duk ya yi fari don ruwan magani.

"Malam Idi, me kake gaya wa mutane ne a motar nan?"

"Abin da gwamnati ta ce, Madam."

"Da can suna kawo mana su da ƙafarsu. Yanzu sai an ga ido ya kafe ake ɗauko su, a rufe da zane kamar kayan sata. Kowa na gudun farar ƙasa. Jiya wani ya roƙe ni in rubuta cewa a hanya aka tsinci matarsa, ba a gidansa ba. Don Allah ka sassauta."

Na ce mata ita ta san allura, ni na san magana, kowa ya tsaya a nasa. Na tafi ina ce wa kaina hassada ce.

Sai aka tura mu Djougou da ƙauyukanta na kwana biyu. Murna ta kama ni, zan shiga garinmu a motar gwamnati, muryata a sama. Muka isa da hantsi ranar kasuwa. Na tsaya inda fataken goro ke zube kaya, inda kowa ya san ni tun ina yawo ba wando, na saki murya fiye da yadda na taɓa yi. Da na zo wurin wa ya ba shi masauki, sai da na maimaita sau uku, ina duban fatomomin garin ɗaya bayan ɗaya. Na hango yayana Salisu a cikinsu, wanda ya gaji gidan bayan rasuwar mahaifinmu. Ban gama ba ya juya ya tafi. Na ɗauka kishi ne irin na wa da ƙane.

Da azahar na sa Biyo ya ajiye mota a bakin lungunmu, ya zauna ƙarƙashin bishiya yana cin doya, ni kuma na shiga gida ina jiran a tarbe ni. Zaure ba kowa. Inna, kakarku, tana tsakar gida tana wanke zannuwa, a lokacin da ba na wanki ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambayi mahaifiyarku ba.

"Ka gama wa'azin?" ta ce.

"Na gama, Inna."

"To taso ka ga baƙon naka."

Ta kai ni ɗakin goro, can bayan gida, ɗaki mai sanyi da duhu inda ake jera huhuna ana yayyafa musu ruwa. Tun daga ƙofa wari ya gaya mini abin da zan gani. Baba Mahaman ne kwance a kan tabarma tsakanin huhuna. Kwana biyu ke nan da saukarsa, ciwon ya kama shi da asubar ranar. Idanunsa sun faɗa, yatsunsa sun yamutse kamar na wanda ya wuni a ruwa. Na san abin da nake kallo, na ga irinsa a rumfunan Parakou, kuma na san bai riga ya wuce inda ƙarin ruwa ke dawo da mutum ba. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Idi ne?"

"Ni ne, Baba. Sannu."

"Na ji ka daga nan. Iska ta kawo mini. Kai, yaro, ka iya magana." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Misalin nan ya zauna daram. Da na ji sai na ce, Mahaman, ga ka nan."

"A'a, Baba, wallahi ciwon nake nufi."

"Na sani mana. Ni na koya maka. Amma a cikina ya shigo gidan nan, ba a cikin huhu ba."

Ba gatse yake yi ba, da gaske yake yaba mini, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya ce kada a fitar da shi. Ya ce ya ci abincin gidan nan tun mahaifinmu yana saurayi, ba zai zama shi ne zai sa a shafa wa ƙofarsa abin kunya ba. Haka baƙon kirki yake a wurinmu, yana kare sunan mai masaukinsa fiye da nasa. Amma mai masaukin kirki kuma ba ya sauraron irin wannan maganar daga bakin mara lafiya. Ɗaukarsa yake yi, ko yana so ko ba ya so.

Muka fito tsakar gida, Yaya Salisu yana tsaye ya harɗe hannu. Inna ce ta fara magana.

"Mota tana bakin lungu. Asibiti bai fi nan da kasuwa ba. Ku kama shi ku biyu."

"Inna, ki tsaya," in ji Yaya. "In farar ƙasa ta hau ƙofar nan, wane falke ne zai sake yi mana sallama? Za a kai labari har Gwanja cewa gidanmu ne ya sauke wa Zugu annoba. Kin ji yadda fatomomi suke kallon juna yau a kasuwa, kowa na jiran ya ga wa za a fara kamawa." Ya juyo kaina. "Kai kuma, me za ka ce wa Mushen naka? Gidan mai lasifika ne masaukin abokin gaba? Kai ka ɗaura wannan igiyar, sai ka gaya mana yadda za a kwance."

Nan aka bar mini magana. Ni ne mai mota, ni ne na birni, ni ne na san aikin likita. Da na ce a ɗauko shi, Yaya ba zai hana ba, ina ganin ma jira yake in cire masa nauyin. Na tsaya ina lissafi a zuci, kuma zan gaya muku abin da na lissafa, ba tare da na wanke shi ba. Motar nan da lasifika a kanta ba ta ɓuya, duk garin zai ga daga lungun da ta fito. Biyo zai kai labari Parakou kafin mu sauke kaya. Tsohon nan mai gishiri zai samu abin dariya na shekara. Mushe Direkta ya riga ya yi mini maganar ƙarin girma. Ban lissafa Baba Mahaman ba sai daga ƙarshe, shi ma don in ce ai shi da bakinsa ya ƙi.

"Tun da shi ya ce a bar shi, a bar shi zuwa gobe mu gani," na ce. "A tafasa ruwa a dinga ba shi. Ana jirana a Pélébina da la'asar, aikin gwamnati ne, ba a saɓawa. Gobe in bai yi sauƙi ba, sai a san yadda za a yi."

Inna ta dube ni, ta dubi Yaya.

"Ashe masu gadin ƙofa na haifa," ta ce. "Ubanku mutum yake saukewa, ku kuwa itace kuke tsaro. Tafi, Idi. Tafi ana jiranka."

Na tafi. A ƙauyen Pélébina mutane suka taru, manoma da Fulanin da suka kawo nono, na hau gefen mota na karanta musu daga farko har ƙarshe. Na tambaye su wa ya ba mugun baƙo masauki. Na so in ce muku muryata ta yi rawa, amma ba ta yi ba. Lafiya lau ta fita, har Biyo ya ce yau na fi kullum. Muka kwana a masaukin gwamnati. Da safe, maimakon in fara zuwa gida, sai na ce mu wuce Bariénou tukuna, don an riga an sanar da mai gari. Gaskiyar ita ce tsoron gidan nake yi, ina jan ƙafa ko abin zai warware kansa ba da ni ba.

Ya kuwa warware. Da muka dawo bayan azahar na tarar an dawo daga maƙabarta. Baba Mahaman ya cika da hantsi, daidai lokacin da nake tsaye a Bariénou. Yaya ya gaya wa maƙwabta tsufa ne da gajiyar hanya, mutane suka yi kamar sun yarda, don kowa yana da abin da yake rufewa a nasa gidan. Na zauna a zaure ana yi mini gaisuwa, ana cewa ai ka yi rashin uba. Inna ba ta fito ba. Da na shiga sallamarta za mu koma Parakou, ta amsa mini tana kallon bango.

Sauran labarin a bakin wani direban babbar mota na ji shi. Kwana uku bayan tafiyata ciwon ya kama Rabi, 'yar Yaya Salisu, wannan dai yayar taku Rabi da kuke zuwa gidanta da salla, lokacin tana 'yar shekara huɗu. Inna ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta goya ta, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta fito da rana tsaka, ta ratsa ta tsakiyar kasuwa ba ta lungu ba. Duk wanda ya ce Inna lafiya, sai ta ce:

"Amai da gudawa ne. Daga gidan fatoma Salisu. Ka gaya wa na gabanka."

Aka ɗaura wa Rabi ruwa, kwana biyu ta tashi tana neman koko. Aka shafa wa ƙofarmu farar ƙasa, aka yi feshi. An yi 'yan ƙananan maganganu, ba a rasa ba. Ruwan sama biyu ya wanke ƙofar. Da kaka ta yi fatake suka dawo suka cika zaure kamar kullum, ba wanda ya ko tambaya. Abin da muka bar mutum ya mutu a kansa ke nan.

Na daina karanta maganar mugun baƙo, na mayar da layi ukun nan na ƙasa zuwa sama. Amma ta riga ta bar hannuna. Tana rediyo, tana bakin masu unguwa, an juya ta zuwa harsunan da ban ma iya ba. Ban san gidaje nawa aka rufe ɗaki a kan mara lafiya saboda ita ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Da ciwon ya lafa aka tara mu aka yaba mana, aka ce an ci yaƙi. Ƙarin girman ya zo, na karɓa, na yi godiya, har da walima. Ban je wurin Madam Salamatu na ce ta yi gaskiya ba. In na hango ta sai in sake hanya.

Bayan damina ta ɗauke, wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da mutum a ƙofar gidanmu na Ganou, dogo siriri. Ban tambayi ko wane ne ba, fuskar ta gaya mini. Lawali ne, babban ɗan Baba Mahaman. Ya je Zugu ya ga kabarin, ya kwashi kayan tsohon, zai hau motar arewa daga Parakou, ya ce ba zai wuce bai gaishe ni ba. Muka zauna, muka yi wa mamaci addu'a. Ya yi ta godiya. Ya ce Yaya Salisu ya gaya masa a gida aka yi jinyarsa, a hannun mutanensa, ba a jefar da shi cikin baƙin fuska ba. Ya ce tsohon ba shi da hira a gida sai ta Idinsa na Zugu da ya zama bakin gwamnati. Sannan ya matso, ya sassauta murya.

"Yaya Idi, abu guda nake so in tambaye ka, kai da kake tare da likitoci. Na san ba tsufa ba ne, na ji a gari. Ban ga laifin kowa ba. Amma tsohuwarmu ba ta barci, kullum tambayarta ɗaya. Ka gaya mini in kai mata. Da an kai shi asibiti, da ya tashi?"

Mahaifiyarku tana bayan labule, na san tana ji, don ita na gaya mata komai tun ranar da na dawo. Na dubi yatsun ƙafata.

"Kwana ne ya ƙare, Lawali," na ce. "In kwana ya ƙare, ba likitan da ke ƙarawa."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuska. Ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya samu abin da zai kai mata. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi ta sa mini albarka, ni da zuriyata, ku ke nan, tun ba a haife ku ba. Na ce amin. Na raka shi tasha, na riƙe masa jaka, na tsaya har motar ta tashi.

Abin da na gaya masa gaskiya ne, kowane Musulmi ya san haka. Amma ba ita ya tambaye ni ba, ɓuya na yi a bayanta. Na yi niyyar rubuta masa sau da yawa, ga ni mutumin da ya yi rayuwarsa yana juya magana daga harshe zuwa harshe, amma na kasa haɗa layi biyu. Tsohuwar ta rasu da amsar da na aika mata. Lawali ma ya rasu, shekarun baya aka aiko mana. 'Ya'yansa suna nan a wajen Dogondutsi, kuma har yanzu in ɗayansu ya biyo ta Parakou sai ya kawo mini tsaraba, ya durƙusa ya ce Baba.

In wani daga cikinsu ya sake zuwa ba na nan, ko ina nan bakina ya sake mutuwa, ku buɗe masa wannan shafin ya karanta da kansa. Ubansa ya yi mini tambaya a ƙofar gidan nan, ga amsarta. I, Lawali, da ya tashi. Motar tana bakin lungu, ni na ce a bari sai gobe.